Taku Arba'in Tsakanin Karofinmu da Teku

Da sunan Wanda ya rataye rana ba igiya, ya shimfiɗa teku ba gefen kamawa, ya daskarar da ruwa har ya zama dutse, ya narkar da dutsen ya koma ruwa. Ku matso, ku gyara zama. Mai tari ya yi tarinsa yanzu, don ni in na fara magana ba na son a katse ni.

Ni ne Barmo ɗan Jatau, marini jikan marini, mutumin Zurmakai, wani gari da ke bakin Tekun Balgwaro, can gaba da inda fatakenku suke juyowa. Ku dubi hannuwan nan. Ba datti ba ne, shuni ne, kuma har kabari zan tafi da shi. A lokacin da labarin nan ya faru ina da ƙarfi, ina da baki, ga zuciya kusa. Farin ƙyalle kuwa ban ɗauke shi tufa ba. In na ga mutum da farar riga sai in ce masa, "Malam, yaushe za a ƙarasa ɗinkin nan?"

Karofinmu, wato wurin rininmu, rijiyoyin shuni bakwai ne, kakana ya haƙa su da hannunsa. Ina yaro, daga bakin rijiyar ƙarshe zuwa inda teku ke kaiwa in ta cika, taku ɗari da sittin ne. Na san haka domin mahaifina yana da wata al'ada: kullum in ya idar da sallar asuba sai ya taka daga karofi zuwa ruwa yana ƙirgawa da ƙarfi. Da ana yi masa dariya. Daga baya aka daina, don ƙirgen ya fara raguwa. Kowace shekara teku sai ta ci taku huɗu, kuma abin da ta ci ba ta mayarwa. Ta cinye mabugar gari, inda ake bugun zane, ta cinye kasuwar kifi, maƙwabta suka kwashe kayansu suka hau tudu. Wanda ya san rini ya san in ruwan gishiri ya shiga rijiyar shuni, ta mutu ke nan, ba ta ƙara tashi.

Ranar da ƙirgen ya zo arba'in na tare shi a hanya.

Na ce, "Baba, don Allah mu tashi. Mu haƙa sababbi a tudu."

Ya ce, "Ka haƙa naka. Ni a nan aka koya mini rini, a nan za a ɗauke ni."

Na ce, "Haba Baba! Shekara goma fa ta rage. Da teku za ka yi kokawa?"

Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Tunda bakinka ya fi hannunka aiki, ka je ka tambayo mai ƙara wa teku ruwa, ka ce Jatau ya ce ya isa haka."

Gatse ya yi mini, na sani. Amma zuciya ta ɗebe ni. Na shiga ɗaki na ɗaure zanen turkuɗi ƙunshi ashirin, baƙi wuluk mai sheƙi, don in riƙa sayarwa ina ci a hanya. Kafin azahar ina bakin jirage ina neman wanda zai kai ni inda ruwa ke fitowa.

Duk masu jirgi suka yi mini dariya, ban da wata dattijuwa, Inna Hajjo, mai fataucin busasshen kifi, wadda ta yi shekara arba'in a kan ruwa. Gajera ce, muryarta kamar ana buga tulu. Ta ce, "Marini, ni ma abin yana damuna. Duk tashar da na sani ta matsa baya. Hau, amma ka sani a jirgina baki ɗaya ne, kuma nawa ne." Muka tashi, ni da ita da matuƙanta shida.

Wata biyu muna cikin wata teku mai zafi, inda rana ke tsayawa a tsakar ka, inuwar mutum ta ɓuya ƙarƙashin ƙafarsa. A nan na ga abin da ban taɓa gani ba. Da hantsi tururi ke tashi daga kan ruwa, iya ganinka, kafin la'asar ya taru ya zama hadari, ya kama hanya ya nufi ƙasashen da ba mu sani ba.

Inna ta ce, "Ka ga ruwan saman da kuke shuka da shi? Ga tukunyar da ake dafa shi. Rana ce mai hura wutar. Iskar da ke tura mu ɗin nan ma ita ke tayar da ita."

Wata rana ta sa na jefa guga ta dama, na jawo ruwa mai ɗumi kamar na wankan jego. Ta ce in jefa ta hagu. Na jawo, na tsoma hannu, na yi tsalle, sanyi ƙarara. Na ce, "Inna, wane irin tsafi ne wannan?"

Ta ce, "Tsafin gidanku. Kogi ne a cikin teku. Rana ta ɗumama ruwa a nan, shi kuma ya ɗauki ɗumin ya kai wa ƙasashen sanyi. Shi za mu bi." Sa'an nan ta cika wata gora mai siririn wuya har baki, ta kare ta daga bugun iska, ta ajiye a rana. Da azahar sai ga ruwa yana tsiyaya ta wuya, alhali ba wanda ya ƙara ko ɗigo. Ta ce, "Ruwa in ya ji ɗumi kumbura yake yi. Wannan rabin amsar tsohonka ce. Sauran rabin yana gaba."

Muka bi kogin nan na cikin teku har wata uku. Ɗumi ya ƙare, sanyi ya fara cizo. Sai muka fara gamuwa da duwatsu suna yawo a kan ruwa, kowanne ya fi ganuwar gari tsawo. Inna ta ce ƙanƙara ce. Jikinsu fari, amma kan kowanne baƙi ƙirin, kuma ruwa na kwarara daga gare su. Ni da na san baƙi, na tsaya ina kallo, na ce a raina wannan ba rinin Allah ba ne, da hannun mutum a ciki.

A nan ne kuma rana ta ƙi faɗuwa. Wallahi kun ji na rantse. Sai ta gangaro kamar za ta shige, ta shafi bakin ruwa, ta sake hawa. Ran farko na zauna da alwala ina jiran magariba har barci ya kayar da ni sau biyu. Matuƙa suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Inna ce ta tausaya mini, ta nuna mini ƙwaryar da take ƙirga lokaci da ita, mai ɗan huji a gindi, ta ce in bi wannan.

Muna cikin haka iska ta juya, ta koro ƙanƙara ta kewaye mu, ta haɗe, jirgi ya tsaya cak. Ga buɗaɗɗen ruwa can muna hange, bai fi taku ɗari biyu ba, amma ba hanya. Muka sara da gatari, abin da muka sara da safe ya koma ya haɗe. Kwana goma sha biyu, in ji ƙwaryar Inna. Abinci ya ja baya. Na ji tsoro ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba. Na tuna tsohon nan yana taku yana ƙirge shi kaɗai, na juya baya na share hawaye don kada a gani.

Abin da ya cece mu wanki ne. Na wanke baƙar rigata na shanya a kan ƙanƙara, Inna ma ta shanya farin mayafinta kusa da ita. Da na dawo ɗauka sai na tarar rigata ta nutse cikin ƙanƙara har tsawon tafin hannu, ta zana siffarta da hannuwa da wuya, tana iyo cikin ruwa. Mayafin Inna kuwa yana nan a sama, ko gezau. Na tsaya baki buɗe. Ni da na yi shekara ashirin ina ƙona yatsu wajen kwashe baƙin zane daga shanya da tsakar rana, alhali fari na kusa da shi da sanyinsa, ban taɓa tambayar dalili ba.

Na kwarara ihu, "Inna! Baƙi shan rana yake yi! Fari kuwa mayar mata da abinta yake yi!"

Ta leƙo ta ce, "Sanyi ya taɓa maka kai ne?"

Ban tsaya ba ta amsa ba. Na kwance turkuɗina ƙunshi ashirin, muka shimfiɗa shi layi ɗaya daga hancin jirgi zuwa buɗaɗɗen ruwa. Inda bai kai ba muka barbaɗa tokar murhu da garin gawayi. Rana kuwa ba ta hutawa, ta yi ta aikinta. Kwana tara layin ya zama kwata, kwata ta zama rafi. Ran na goma muka ji ƙara kamar tsawa, ƙanƙara ta tsage daga jirgi har bakin ruwa. Muka fita muna kabbara. Inna ta ɗaka mini duka a baya har na yi tari, ta ce, "Ashe kai ma kana da amfani!"

Bayan kwana shida muka isa ƙarshen tekun. Jama'a, ga wani dutse ya tokare sama, faɗinsa tafiyar wata guda, duk ƙanƙara. Amma baƙi ne tun daga gindi har inda ido ya kai. Koguna sun fi ɗari suna ɓarkowa daga jikinsa suna rugawa cikin teku, gefensa na ɓallewa yana faɗawa ruwa. Na ce, "Inna, ga mai ƙara wa teku ruwa."

A gindin dutsen akwai gari. Mutanen kirki ne, masu kiwon wasu tumaki masu dogon farin gashi. Suka tarbe mu da romo mai zafi. Inna ta taɓa ciniki da irinsu, tana jin harshensu, ita ta yi mini tafinta. Dutsen nan Kaka suke ce masa, don shi ya shayar da su tun kakannin kakanni. Babban mai faɗa a ji a garin wani dogon dattijo ne, Shekarau, mai sarautar Sarkin Inuwa. Muna cikin shan romo sai na ga jerin mutane, maza da mata, kowa da kwando a ka, suna hawa dutsen suna waƙa. A bayan gari kuma ga wuta ana ta ƙona itace, hayaƙi ya turnuƙe.

Na ce, "Ranka ya daɗe, me suke kaiwa?"

Ya ce, "Inuwa. Shekara talatin da suka wuce aka yi wani zafi, Kaka ta fara gumi. Dattawa suka zauna suka ce, me ke maganin rana? Inuwa. Wane launi ne da inuwa? Baƙi. Tunda ba mu da rumfar da za ta rufe Kaka, sai mu shafa mata inuwar a jiki. Tun daga ranar muke barbaɗa mata gawayi."

Na ce, "To gumin ya tsaya?"

Ya yi ajiyar zuciya. "Ƙaruwa yake yi. Shi ya sa bana muka ninka kwanduna."

Nan fa zuciyata ta tashi. Da ina da hankali da na lallaɓa. Ina! Na miƙe na ce, "Wallahi ku ne kuke gasa ta! Ku ne za ku cinye karofin ubana!" Inna ta harare ni, amma ta fassara kamar yadda na faɗa, don ba ta iya ƙarya ba.

A ƙasar nan ba laifin da ya kai a ce mutum yana cutar Kaka. Hukuncinsa kuwa ɗaya ne: a yanko ƙanƙara, a ɗora mai laifi a kai, a tura shi teku. Don tsananin horo kuma ba a barbaɗa masa ko ƙwayar gawayi, wai don ta narke da wuri. Da Inna ta gaya mini wannan sai dariya ta kusa kuɓuce mini, na danne.

Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, na karɓi hukunci. Alfarma ɗaya nake roƙo. A yanko biyu daidai da juna, a ɗaure su a tafkin nan na bakin gari inda kowa zai gani. Tawa a bar ta tsirara. Ɗayar a yi mata inuwa iya son ranka, ka hau ka zauna. In tawa ta riga narkewa, ka ga ba sai an wahala an kai ni teku ba."

Shekarau mutum ne mai gaskiya, ya kuma yarda da aikinsa. Ya ce, "An yi maka." Aka yanko, aka ba kowannenmu buzu da bargo. Shi da kansa ya barbaɗe tasa har ta yi baƙi kamar gindin tukunya, ya hau ya harɗe. Gari duka ya fito kallo.

Kwana na farko yana yi mini nasiha daga inda yake zaune. Kwana na biyu nasiha ta ragu, don ruwa ya kewaye buzunsa, yana ta gyara zama. Ni kuwa ina kishingiɗe, Inna na miƙo mini kifi a bakin sanda. Na ce, "Ranka ya daɗe, ko a ƙaro gawayi?" Ya ce a ƙaro! Aka ƙaro. Kwana na uku da hantsi muka ji ƙas, ƙanƙararsa ta rabe biyu, Sarkin Inuwa ya yi zurum cikin ruwa har wuya. Na miƙa masa hannu na jawo shi kan tawa, wadda ba ta ragu da ko kashi ɗaya cikin huɗu ba.

Wani ya fara dariya, sai ya ga fuskar dattijon ya yi shiru. Shekarau ya zauna yana rawar sanyi, yana shafa farar ƙanƙarar da tafin hannunsa. Ya ɗaga kai ya dubi dutsen, hawaye na bin gemunsa. Ya ce, "Shekara talatin. Da hannuna. Ni da nake cewa ba wanda ya kai ni son ta." Tausayinsa ya kama ni har na ji kunyar tsokanar da na yi masa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, hannun da ya barbaɗa ai zai iya sharewa."

Can cikin taro wata tsohuwa ta ɗaga murya. Ashe ƙanenta na cikin waɗanda aka taɓa turawa teku. Ta ce, "To ƙanena da sauran waɗanda muka kora ba inuwa fa?"

Inna ta tuntsire da dariya. Ta ce, "Wani mai tabo a goshi? Yana Tsibirin Gwangwala, tafiyar kwana takwas, da shi da sauran. Wajensu nake sarin kifi. Matansa biyu, ya yi tumbi!" Tsohuwa ta rangaɗa guɗa, gari ya ɗauka, aka shiga rawa a bakin tafki. Shekarau na cikin bargo uku yana kuka yana dariya.

Washegari aka kashe wutar bayan gari. Kwandunan da suka hau da gawayi suka fara saukowa da shi. Inda ya kama jiki ba ya sharuwa, sai mata suka saƙa manyan barguna da gashin tumakinsu aka lulluɓe. Wa kuke tsammani aka ba aikin wanke gashin nan har ya yi fari tas? Ni, Barmo, mai zagin farar riga. Shekara biyu ina wannan aiki, Inna na zuwa tana komawa, duk zuwa sai ta tambaye ni yaushe za a ƙarasa ɗinkin. Da damunar sanyinsu ta zo, dusar ƙanƙara ta sauka a kan Kaka, ba wanda ya ɓata ta. Da rana ta dawo sai dutsen ya yi haske har ba ya kalluwa. Kogunan nan ɗari suka koma sittin, shekara ta biyu suka koma talatin da 'yan kai. Ran da zan tafi Shekarau ya rungume ni ya ce, "Ka gai da Jatau. Ka ce saƙonsa ya iso, mun ji, ya isa haka."

Na iso Zurmakai da hantsi, bayan shekara uku. Daga nesa na hango shanya, baƙaƙen zannuwa na kaɗawa. Tsohon yana bakin rijiya yana motsa shuni. Ya dube ni, ya dubi farin bargon da ke kafaɗata, ya ce, "Ka dawo? Ashirin da takwas." Sa'an nan ya saki sandar ya riƙe ni, ya daɗe bai sake ni ba.

Na ba shi saƙon Shekarau, ya ce ƙarya nake yi. Ban yi musu ba. Na sami turke na kafa a daidai inda ruwa ke kaiwa. Teku babba ce, ba ta jin magana da wuri, ɗumin da ta sha shekara talatin ba zai fita rana ɗaya ba. Shekarar farko ta wuce turken da taku biyu, na matsar da shi. Ta biyu ta ci taku ɗaya, na sake matsar da shi. Ta uku ta zo ta shafi gindin turken ta koma. Ta huɗu ma haka.

Wata safiya, shekara bakwai da dawowata, ina tsoma zane sai na ji Baba yana ƙwala mini kira daga bakin ruwa. Na ruga a guje, na ɗauka faɗuwa ya yi. Na same shi tsaye yana haki, ya ɗaga sandarsa sama.

Ya ce, "Barmo! Talatin da ɗaya! Ta ja da baya! Teku ta ji tsoro!"

Na dubi turke. Ruwa na nan a gindinsa, inda yake tun shekara biyar, taku ashirin da biyar cif. Na dubi ƙafafun tsohon, na ga yadda takunsa ya gajarce. Bakina da bai taɓa barin magana ta wuce ba ya buɗe, na rufe shi.

Na ce, "Talatin da ɗaya, Baba?"

Ya ce, "Zo mu ƙirga tare in ba ka yarda ba!"

Na riƙe hannunsa, na rage takuna daidai da nasa, muka tako daga ruwa zuwa karofi muna ƙirgawa da ƙarfi. Talatin da biyu muka samu.

Iyakar abin da na gani ke nan, iyakar abin da na faɗa. Wanda ya rataye rana ya sa ta yi mana aiki da sauƙi, ya bar wa ƙanƙara farinta, ya bar wa marina baƙinsu. Ku tashi haka nan, shunina ya nuna, zanen mutane na jira.